Karatu daga nesa: layin dogo ya iso Samaru, saura hanyar ƙauye

Wata ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti da ke bayan Giwa. Shekara biyu ke nan tana neman digiri ta hanyar karatu daga nesa, domin ba za ta iya ajiye aiki da 'ya'ya uku ta koma zaman makaranta ba. Ranar wata Asabar da daddare ta kira ni, muryarta a dushe.

"Yaya, yau ma rabin lakca na samu. Malam yana tsakiyar bayanin yadda ake lissafin maganin yara sai hoton ya daskare, kafin ya dawo sun wuce wurin. Ga shi datar da na saya jiya ta ƙare."

Na ce ta yi haƙuri a ɗora faifan, ta sauke shi da asuba lokacin da sabis ya fi kyau. Sai ta ce, "Yaya, ai sauraron ba shi ya dame ni ba. Tambaya gare ni, faifai kuwa ba ya amsa tambaya."

A cikin makon nan dai na zauna a wani ɗakin taro a Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka haɗa mu da wani masani da ke Turai. Awa biyu cur ana magana, ana katse shi da tambaya yana amsawa, ko kujerarsa ce ta motsa muna ji. Tsakanin wannan ɗaki da asibitin ƙanwata bai kai tafiyar awa guda a mota ba. Duka biyun intanet ake ce musu, amma hanyoyi ne iri biyu. Wanda bai rarrabe su ba zai yi ta mamakin yadda ake shelar an haɗa jami'o'i da intanet mai gudu, alhali ɗaliban da aka ce don su aka yi suna ta kuka.

Mu fara da wadda kowa ya sani. Kamfanin waya ɗan kasuwa ne. Yakan kafa ƙarfen sabis, ya sayar wa mutane data fiye da abin da ƙarfen zai iya ɗauka a lokaci ɗaya, bisa lissafin cewa ba duka za su hau tare ba. Da asuba lissafin yana tafiya daidai. Bayan sallar isha'i kuwa, lokacin da ma'aikaci yake samun sararin buɗe littafi, shi ne lokacin da unguwa gaba ɗaya take hawa kallon bidiyo, sai kowa ya samu ɗan tsagi. Sannan an tsara irin wannan hanya ne don mai kallo: ɓangaren saukewa yana da faɗi, ɓangaren turawa a matse yake. Ɗalibi kuwa ba ɗan kallo ba ne. Dole muryarsa da fuskarsa da aikin hannunsa su isa ga malami kamar yadda na malami suke iso masa.

Ɗaya hanyar ita ce wadda jami'o'i da cibiyoyin bincike suke haɗa kai su gina wa kansu, ko su yi hayar igiyar fayiba, wadda take ɗaukar saƙo da haske, su riƙa tafiyar da ita a ƙarƙashin wata ƙungiya tasu da ba ta neman riba. Ka'idarta a bar hanya da sarari, kafin ta cika a faɗaɗa ta, turawa da saukewa kuma su yi daidai wa daida. Ingila ta fara tata mai suna JANET a 1984. Jami'o'in Amurka sun kafa Internet2 a 1996. Turai tana da GÉANT, wadda ta ɗinke hanyoyin ƙasashe fiye da 30 wuri guda. A Afirka, Kenya ta kafa KENET tun 1999, ƙasashen gabashi da kudancin nahiyar suna da UbuntuNet Alliance, mu kuma na yamma da tsakiya muna da WACREN, mai hedikwata a Akara, wadda aka kafa a 2010, kuma Tarayyar Turai take tallafa mata ta shirin AfricaConnect. Tamu ta gida ita ce NgREN. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Kwamitin Shugabannin Jami'o'i ne suka assasa ta a 2012 da tallafin Bankin Duniya, aka ƙaddamar da ita a 2014, zangon farko ya haɗa jami'o'in tarayya 27, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello.

Akwai gaskiyar da masu tallata wannan hanya ba su cika faɗa ba: ba don ɗalibin da ke gida aka ƙirƙiro ta ba. Masu bincike ne suka matsa aka yi ta, irin masanan kimiyyar lissafi na cibiyar bincike ta CERN a iyakar Suwizalan da Faransa, waɗanda na'urarsu take zubo bayanai masu yawan da dole a rarraba su ga cibiyoyi a nahiyoyi daban-daban, da masu nazarin taurari irin na Afirka ta Kudu. Karatu daga nesa ya shigo ne daga baya, ya tarar da hanya a shimfiɗe ya hau. Wannan asali shi ya sa take da ƙarfi a wasu wurare, take da rauni a wasu.

Kafin a ga ƙarfinta, sai an san abin da aji yake bukata. Mu mutanen Zazzau ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin mun tashi mun ga karatun zaure a cikin birni. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara. Ya yi tuntuɓe a wasali, kafin ya rufe baki malam ya gyara. Ya ga wuri ya shige masa duhu, ya ce, "Allah ya gafarta malam, a maimaita." Abin da ya sa mutane suke baro garuruwansu su zo su tare a Zariya shekara da shekaru ke nan, alhali littafin da ake karantawa akwai shi a garinsu. Gyaran nan na take-yanke shi ne karatun. Duk hanyar sadarwar da za ta ɗauki aji, da wannan ma'auni za a auna ta.

Mutane sun fi sanin ma'auni guda, wato faɗin hanya: megabit nawa take ɗauka a sakan. Hoto mai kyau na mutum ɗaya yana bukatar kamar megabit 2 zuwa 4. Amma faɗi kaɗai ba ya raya aji. Abin da ya fi kashe shi shi ne jinkiri, lokacin da magana take ɗauka daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi. Ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada ya wuce milisakan 150 idan ana son hira ta tafi yadda aka saba. Da ya haura haka sosai sai mutane su fara cin karo da juna a magana: ka yi shiru kana jira, shi ma ya yi shiru, sai ku fara tare. Malami ya gaji ya ce a ajiye tambayoyi sai ƙarshe. Daga nan aji ya koma shirin rediyo.

Jinkirin nan yana da lissafi, kuma lissafin ya shafi Zariya kai tsaye. Haske a cikin igiyar fayiba yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan, ma'ana kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 5. Yawancin igiyoyin ƙarƙashin teku da suke kawo mana intanet a Legas suke sauka: SAT-3, da MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS da ACE na 2012, da Equiano ta Google a 2022. MainOne kaɗai tsawonta daga Fotugal zuwa Legas ya kai kilomita 7,000. To, a ce malami yana harabar Kongo a cikin Zariya, ɗalibi yana Samaru, tsakaninsu tafiyar ɗan acaɓa, amma manhajar da suke amfani da ita babbar kwamfutarta tana Turai. Maganar malami za ta gangara Legas, ta ratsa teku, ta juyo, ta sake haurowa Arewa: kilomita 16,000 ko fiye, milisakan 80 tun kafin a lissafa tsayawar da take yi a kowace na'ura da layin da take bi a inda aka samu cunkoso. Fiye da rabin milisakan 150 ɗin nan ya tafi a tafiyar da ba ta da dalili. Waɗanda suka yi aiki a jami'a a zamanin da ake dogaro da tauraron ɗan'adam za su tuna wanda ya fi wannan. Tauraron yana sama da kilomita 35,000 daga ƙasa, hawa da sauka kaɗai kusan milisakan 240 ne, tambaya da amsarta rabin sakan.

Bayan jinkiri akwai ƙannensa biyu. Magana ba ta tafiya a dunƙule, yanka ta ake yi ƙulli-ƙulli a aika. Idan wani ƙulli ya iso da wuri wani ya makara, murya takan riƙa rawa. Idan wasu suka zube a hanya saboda cunkoso, hoto ya daskare. Wanda yake sauke fim ba ya ganin wannan, domin abin da ya zube akan sake aiko shi. A aji mai gudana kuwa babu lokacin sake aikowa. Abin da ya wuce ƙanwata ya wuce ta.

A nan ne hanyar jami'o'i take nuna kanta. Tunda an bar ta da sarari, ƙulli ba ya tsayawa layi, ba ya zubewa. Tunda jami'o'in a haɗe suke kai tsaye, abin da ya tashi daga Zariya zuwa Kano ko Sakkwato ba shi da dalilin fita ƙasar.

Amfaninta na farko, wanda a ganina ya fi kowane girma a Arewa, shi ne raba malami. Ƙwararru a wasu fannoni sun yi ƙaranci, sababbin jami'o'i sun yi yawa, shi ya sa ake ganin farfesa guda yana bin hanya mako-mako tsakanin garuruwa uku, a kan titunan da kowa ya san halinsu. Aji da aji idan aka haɗa su da hanya mai kyau, malami yana Samaru zai karantar da 'yan Dutsin-Ma da 'yan Gusau a zama ɗaya, yana ganin wanda ya ɗaga hannu. Fannin lafiya ya fi kowa bukatar wannan. Hoton ƙwayar nama guda da aka ɗauka da madubin likita yakan haura gigabait ɗaya, kuma dole mai koyo ya ga launi da siffa daidai, in ba haka ba ya koyi kuskure. Asibitin koyarwa na Shika yana ganin cututtukan da ƙananan makarantun likitanci za su yi shekara ba su gani ba.

Ga wani misali da nake yawan tunawa. A Zariya ne Najeriya take da na'urar nukiliyarta ta bincike, NIRR-1, a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi, tana aiki tun 2004. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya tana da wani tsari da cibiyar da ke da irin wannan na'ura take watsa gwaji kai tsaye ga ɗaliban jami'o'in da ba su da ita: suna ganin alƙaluman da ke fitowa a lokacin da suke fitowa, suna magana da masu sarrafa ta. An yi haka daga Ajantina, an yi daga Faransa. Ban ga abin da zai hana ɗalibin kimiyyar lissafi a Maiduguri ya yi irin wannan darasi da Zariya ba, in akwai hanyar da ba ta yankewa. Haka tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami da jami'ar take ajiye da su a Zariya da Gidan Arewa na Kaduna. Idan aka ɗauki hotonsu da kyau, ɗalibi a Yamai zai iya zuƙo shafi ya ga ɗigon tawada.

Amfani na biyu shi ne ajiye darasi a gida. Akwai manhajojin koyarwa na kyauta irin su Moodle, da na aji kai tsaye irin su BigBlueButton, waɗanda jami'a za ta iya ɗorawa a kan tata babbar kwamfutar, wadda ma'aikata suke kira saba. Wannan yana rage jinkiri, yana rage biyan dala. Yana kuma da wata fa'ida da muka gani da idonmu ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da igiyoyi huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka samu matsala a tekun yammacin Afirka, intanet ta yi kwanaki tana jan ƙafa a ƙasashe da dama. Duk makarantar da darussanta suke a wata ƙasa ta shiga wani hali. Wadda sabarta take harabarta, kuma take haɗe da sauran hanyoyin cikin gida ta IXPN, mahaɗar hanyoyin intanet ta Najeriya, ba ta bukatar teku kafin ɗalibinta ya buɗe darasi.

Sauran fa'idojin ba sai an tsaya a kansu ba. Akwai eduroam, tsarin da ya samo asali a Holan, wanda ɗalibi yake shiga Wi-Fi na kowace makaranta da ke cikinsa da suna da lambar sirrin makarantarsa. Akwai sayen mujallun bincike a tare. Akwai kuma farashi, domin wanda ya yi sari ba ya biyan kuɗin mai sayen ɗai-ɗai. Jami'o'inmu sun taɓa ɗanɗana wannan tun 2005, lokacin da gidauniyoyin Amurka irin su MacArthur da Carnegie suka haɗa wasu jami'o'in Afirka suka yi musu sarin intanet ta tauraron ɗan'adam, farashi ya sauko sosai.

Duk wannan da na lissafo, a cikin harabar makaranta yake. Nan ne gizo ke saƙa.

Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, daga baya aka fitar da reshe daga nan zuwa Jos, da wani zuwa Gusau da Ƙaura Namoda. Sabon Gari a gindin tasha ya girma. Amma layin dogo bai taɓa zuwa gonar kowa ba. Auduga da gyaɗa a kan jaki suke isowa tasha, daga baya a kan lori. Manomin da ba shi da hanyar kai kayansa tasha, jirgi bai ƙare shi da komai ba sai jin ƙararsa daga nesa. Hanyar jami'o'i layin dogo ce, tasharta ƙofar Samaru. Ɗalibin karatu daga nesa kuwa, ma'anar sunansa ke nan, ba ya tasha. Yana Giwa, yana Soba, yana barikin soja, yana cikin gidan aure. Zangon ƙarshe da zai kai darasi hannunsa shi ne wancan ƙarfen sabis na kasuwa da muka fara da shi, kuma da kuɗin aljihunsa.

A yi lissafin. Aji na bidiyo a kan megabit 2 a sakan yana cin kimanin megabait 900 a awa, tunda megabit 8 ne megabait ɗaya. Awa 10 a mako gigabait 9 ke nan. Zangon karatu na mako 14 ya haura gigabait 120. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun Yulin 2024. Ba a maganar wuta, ba a maganar kuɗin caji. Wannan ne ya sa nake jin zafi idan na ji ana cewa ɗalibanmu ba sa son karatun zamani. Na ga yadda suke ƙoƙari. Na ga mai tafiya bakin titi da daddare don ya kama sabis.

Shekarar 2020 ta tona wannan asiri. An rufe makarantu a watan Maris saboda korona, ya zo daidai da yajin aikin malaman jami'a na wata tara, ɗalibai suka watse garuruwansu, fayibar da ke cikin harabobi ta zauna babu mai hawa. A Jihar Kaduna rediyo aka koma wa don darussan 'yan sakandare, domin ita ce take shiga kowane gida. Wasu ƙasashen sun nemi mafita ta wata fuska. A Afirka ta Kudu kamfanonin waya sun cire cajin data a kan ɗaruruwan shafukan ilimi. A Kenya, KENET ta yi ciniki da kamfanonin waya aka samar wa ɗalibai data mai rahusa. Darasin da ke ciki shi ne, jami'a ɗaya ba ta da nauyin da za ta zauna da kamfanin waya ta sa shi ya sauko, ƙungiyar jami'o'i ɗari tana da shi. Kuma cire caji ya fi sauƙi idan darussan suna kan saba ta cikin gida wadda aka san adireshinta. Ashe ke nan hanyar jami'o'i tana iya taimakon na gida, sai dai da ciniki da tsari, ba da faɗin fayiba ba.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a wannan yanki. Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna tana yin sa tun 1976, da littattafai da cibiyoyin haɗuwa a ƙarshen mako. Malaman firamare da na sakandare sun daɗe suna cika Zariya a dogon hutu don ƙarin karatu. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, ita ma da cibiyoyin karatu a garuruwa take aiki. Cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS a Samaru ta daɗe tana kai wa manoma ilimin da aka samo a gonakin gwaji ta rediyo da Hausa. Yanzu kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da Cibiyar Karatu Daga Nesa da take ba da digiri ta intanet. Abin da na farkon suka gane, wanda zumuɗin wayar hannu ya sa muka fara mantawa, shi ne ɗalibi yana bukatar wuri kusa da shi da zai je.

Shi ya sa nake ganin maganar da ta kamaci Zariya ita ce ƙara tashoshi. Babu gari a Arewa da ya tara makarantu a ƙaramin fili kamar nan. Ga Samaru da Kongo da Shika. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ta zama jami'a, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama da ke nan tun 1964, ga cibiyar sufuri da ta binciken sinadarai a Basawa, ga ta fatu da ƙiraga, ga kwalejojin Barewa da Alhudahuda. Kowace tana cinikin intanet ɗinta ita kaɗai. Da za a kewaye su da igiyar fayiba guda wadda ta zagayo ta haɗe, ta yadda idan aka yanke ta nan saƙo ya bi ta can, sannan a jona ta da NgREN, da garin gaba ɗaya ya zama haraba ɗaya. Ɗalibar da ke Tudun Wada ba sai ta je Samaru ba, ta shiga makarantar da ta fi kusa da gidansu ta hau da lambarta. Legas ta gwada irin wannan haɗaka da Eko-Konnect. Wani babban cikas ma an riga an kawar da shi, domin a 2020 Jihar Kaduna ta yafe kuɗin izinin haƙa da ake karɓa a hannun masu shimfiɗa fayiba, a lokacin da ake ta fama da jihohi su sauko zuwa naira 145 a kan kowace mita.

Daga wannan kewaye sai a miƙa hannu waje. Ƙasar Zazzau shimfiɗaɗɗiya ce, na'urar aika saƙo ta iska daga dogon gini ko ƙarfe tana iya cin kilomita 20 zuwa 30 idan babu abin da ya tare tsakani. Ɗaki guda a wata sakandare ko asibiti a Giwa, Makarfi, Soba, Ikara, mai kujeru 20, da sola da batir, da allo babba, da mutum ɗaya mai kula, ya wadatar a matsayin tasha. Inda hakan ya gagara, Starlink da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 tana iya toshe giɓi, tunda taurarinta suna kusa, kimanin kilomita 550, jinkirinta kaɗan ne, ko da yake tsadarta ta fi ƙarfin ɗalibi ɗaya. Irin wannan ɗaki zai fi amfanar mata. Maigidan da ba zai yarda matarsa ta tare a makaranta ba, da yawa za su yarda ta je cibiya a garinsu ranar Asabar. Zai kuma warware matsalar jarrabawa, domin har yanzu abin da yake sa mutane ɗaga wa digirin intanet gira shi ne ba su tabbatar wa ya zauna ya rubuta ba.

Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Wuta ita ce ta farko. Na'urar da ta kai miliyoyi, idan babu lantarki, ƙarfe ce kawai, kuma tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a kan kowane kilowat a Afrilun 2024 jami'o'i suke kokawa. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, wanda ya nuna ana iyawa. Na biyu yankewar igiya, musamman inda ake aikin titi, katafila ta tono ta ba tare da direban ya san me ya taɓa ba. Na uku ma'aikata: matashin da ya ƙware a tafiyar da irin wannan hanya, banki ko kamfanin waya ko ƙasar waje suna jiransa da albashin da jami'a ba ta iya biya.

Wanda ya fi su duka shi ne kuɗin yau da kullum. Mun iya ƙaddamarwa, a yanka kyalle a yi hoto. Hanyar sadarwa kuwa kamar dabba take, kullum sai ta ci: kuɗin haya, man janareta, canjin batir, albashi. NgREN kanta ta sha wannan wahala bayan tallafin Bankin Duniya ya ƙare, aka dawo kan wa zai riƙa biya. Waɗanda suka ɗore a wasu ƙasashe sun ɗore ne saboda makarantu suna biyan kasonsu duk shekara kamar yadda suke biyan kuɗin wuta, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin babbar igiya. Mu ma muna da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, sai dai an fi sabawa da ganin kuɗinta a jikin gini, kuma shugaba ya fi son abin da za a liƙa wa allo da sunansa a kan igiyar da ke binne a ƙasa.

Malamai ma da nasu kason. Wanda zai zauna gaban kyamara ya karanta takardar da ya rubuta shekara goma da suka wuce, bai bukatar fayiba, kuma zalunci ne a sa ɗalibi ya ƙona gigabait guda don kallon fuskarsa. Murya kaɗai a kan kilobit 64 ba ta wuce megabait 30 a awa, wato kashi ɗaya cikin talatin na bidiyo. Duk abin da sauraro ne, a naɗe shi da murya da rubutu, ɗalibi ya sauke da asuba ya ji a lokacin da ya samu sarari. Awa ɗaya ko biyu masu tsada na haɗuwa kai tsaye a ware su don jan baƙi da gyara, inda ɗalibi zai yi magana fiye da malami. Malamin da ya tsara zangonsa a haka ya rage wa ɗalibansa fiye da rabin nauyi tun kafin a binne mita ɗaya ta igiya.

Ƙanwata dai ta rubuta tambayarta a bayan littafi. Game da yaron da nauyinsa bai kai na shekarunsa ba ne, irin waɗanda ake kawo mata kusan kullum: da nauyi za ta yi lissafin maganin ko da shekaru, kuma ina iyakar da ba a wucewa. Kwana tara ta riƙe ta, har ranar da aka kira su zaman ido da ido. Ta bar ƙaramin ɗanta wurin maƙwabciya, ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ta jira aka tashi, ta tari malamin a bakin ƙofa. Ta ce mini amsar ba ta ɗauke shi minti biyu ba.